Jakar Baba da Sahun Gaba

Ciwon ya fara ne a ƙasan cikinsa, ɓangaren hagu. Baba tela ne a unguwar Ammariyya, nan ƙasar Larabawa, mutumin Damagaram, kuma shi a wurinsa duk ciwon ciki datti ne. Ya sa Inna ta dafa masa ganyen filasko, ya sha, ya ƙara sha. Wankin cikin da ya saba yi tun yana saurayi shi ya kusa aika shi lahira. Sai da zazzaɓi ya rufe shi muka kai shi asibiti, yana ta faɗa wai mun mayar da shi rago.

Likitan, wani Balarabe mai furfura, ya ce hanjinsa ne ya yi 'yan aljifai, ɗaya ya kumbura ya fashe. Ya tambaye ni abin da muke ci. Na ce farar shinkafa, burodi, soyayyar kaza. Tuwon gero kam rabonmu da shi tun da muka koma bene a unguwar Aziziyya, maƙwabcinmu na ƙasa ya kai ƙarar turmin Inna wurin mai gidan hayar. Likitan ya ce lokacin yana ɗalibi da ƙyar ake ganin ciwon nan a jikin Balarabe, ana ce masa na Turawa ne da Yahudawan da suka taso a Turai. Yanzu kuwa cimar kowa ta zama ɗaya, ciwon ma haka.

Ya ce sai an yanke wurin, a fito da hanjin ta gefen ciki, a manna jaka. Baba ya ƙi. Ba wuƙar yake tsoro ba.

"Da najasa rataye a jikina zan tsaya gaban Ubangijina?"

Na ji haushinsa ƙwarai, tsoro kuma ya hana ni sukuni. Na kira limamin unguwarmu, ya ce masa lalura ce, sallarsa tana nan daram. Inna ba ta da fatawa, kuka kawai ta saka masa. Ya yarda.

Ya rayu, ya koma kan kekensa. Amma mutumin da ladan ke iskewa a sahun gaba shekara da shekaru ya koma zuwa a makare da gangan, ya raɓe can ƙarshe kusa da takalma, ya sha turare har yana hawa kai. Wata Juma'a na kama hannunsa zan kai shi gaba. Ya zare hannun a hankali.

"Halas, ya isa, bar ni nan. Allah ya yafe mini, na sani. Hancin mutane fa?"