Rayuwar Hajiya Zulaihat Laminu, Wadda Ta Auna Garin Injin Gidansu

Haihuwa da asali

An haifi Hajiya Zulaihat Laminu a shekarar 1969 a garin Gashua ta ƙasar Bade, a gidan Malam Laminu Gaji, manomin fadama da ya koma sana'ar niƙa, da mai ɗakinsa Ya Fanne, mutuniyar Dagona. 'Ya'ya biyu ne suka rayu a gidan, ita da yayanta Mudi, wanda ya ba ta shekara goma sha ɗaya. Ta tashi da ƙarar inji a kunne da garin gero a gashin ido.

Karatu

Mahaifinsu ya rasu a 1981, tana aji biyar na firamare, sai ragamar inji da ta gida suka koma hannun Mudi. Shi ya tsaya kai da fata ta shiga sakandare a 1982, shi ya kai ta jami'a a Maiduguri, inda ta karanta ilimin sinadarai ta kammala a 1993. Duk hutun da ta zo sai ya zolaye ta da sunan likitar gero, ita kuwa ba ta taɓa ɓoye wa kowa cewa guminsa ne ya yi mata karatu ba.

Aure da aiki

A 1994 aka ɗaura mata aure da Malam Ridwanu Dada, malamin makaranta a Nguru, Mudi ne waliyyi. Shekara guda bayan haka ta kama aiki a wani ƙaramin ɗakin gwajin hatsi a garin, inda ake duba danshi da ruɓewa da ragowar maganin ƙwari a gero da wake da shinkafa kafin a loda su zuwa Kano. Mace ce mai fara'a, amma a bakin aiki ba ta da sauƙi, ko goron ɗan kasuwa ba ta karɓa. Dillalan hatsi suka laƙaba mata Hajiya Sai An Auna, don ita ce amsarta ga kowace tambaya.

Batun shinkafar fadama

Bayan labarin gubar dalma da ya fito daga Zamfara a 2010, ga kuma ciwon ƙoda da ya daɗe yana damun mutanen Gashua, tsoro ya shiga zukata. A kakar 2013 jita-jita ta bazu cewa shinkafar Katuzu da Dagona na ɗauke da guba, fatake suka fara juya mata baya, aka ɗora wa Hajiya Zulaihat alhakin gano gaskiya.

Zagayenta na farko a banza ya tafi. Da manoma suka ji baƙuwa na son shinkafa, kowa ya shiga rumbu ya zaɓo mafi kyau, matan gida suka sheƙe ta suka wanke tas, don a ganinsu abin kunya ne a miƙa wa baƙo tsakuwa. Ta yi godiya, ta dafa wa iyalinta, sannan ta sake fita ba sanarwa, tana ɗiba da hannunta daga gona da kasuwa da ɗakin girki. Takan ƙone hatsin ya zama toka, ta narka tokar a ruwan asid, ta kai Kano inda ake da na'urar da ke gano ƙarfe a cikin abinci.

Sakamako ya wanke manoma sarai, ƙwayar hatsi lafiyarta lau. Amma a garin tuwo na wasu gidaje an sami dalma fiye da ƙima. Ta bi sawun garin har ta tarar da injuna uku da ke aiki da dutse mai araha, wato faifan ƙarfen nan da ke murƙushe hatsi, wanda aka ƙera da narkakken tarkacen jari-bola. Mafi girma a cikin ukun shi ne injin mahaifinta.

Kafin ta miƙa rahoto sai da ta je Gashua ta durƙusa a gaban yayanta. Mijinta, wanda ya raka ta, ya ruwaito cewa ta ce, "Ya Mudi, dutsen nan ne. Rahoto dai zan kai, amma ka sauya shi tun ma'aikatan hukuma ba su zo ba, ni zan nemo maka mai kyau."

Mudi ya ce, "Injin da ya kai ki jami'a shi ne yau mai guba? To ki rubuta, Zulai, ai alƙalami a hannunki yake."

Ta kuwa rubuta. Ta sa sunan injin gidansu a farko, ta kuma bayyana ƙarara cewa ba ta ce dalmar ce sanadin ciwon ƙoda ba, don ba ta auna wannan ba. Aka rufe injunan uku har ƙarshen rani, kasuwar shinkafar fadama ta dawo. Dangi suka yi mata caa, ana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amsarta ita ce yaran da ke cin tuwon ma hannun wasu ne.

Shekarun baya

Mudi ya sauya dutse a 2014 ya sake buɗe inji, amma ya rufe ƙofarsa ga ƙanwarsa. Kayan Sallar da take aikawa dawo da su ake yi. Da ta aurar da 'yarta Mas'uda a 2018 bai zo ba, bai aiko ba. Wannan ya ci mata rai ƙwarai, ta sha kuka a kansa, sai dai ba a taɓa jin ta ce ta yi nadama ba.

Ragowar shekarun aikinta ta ƙarar da su tana zagaya masu injuna daga Nguru zuwa Gashua. Takan ja mayen ƙarfe a cikin gari su ga ɓurɓushin da ke maƙale masa, sannan ta ce musu wannan wanda ido ke gani ke nan, dalma ba ta bin maye. Da yawa sun bar dutsen araha ta dalilinta. Injin yayanta kaɗai ne ba ta ƙara shiga ba, takan wuce ta ƙofar ta gaida ma'aikata.

Rasuwa

Allah ya yi wa Hajiya Zulaihat rasuwa a Nguru a watan Maris na 2023, bayan fama da hawan jini, tana da shekara hamsin da huɗu. An aika wa Mudi tana kwance, bai taso ba sai da aka kira shi a waya cewa ta cika. Ya iso ana shirin sallah, da aka kai maƙabarta shi ya sauka cikin kabari ya karɓe ta, duk da tsufansa. Bayan an rufe ya riƙe hannun Malam Ridwanu ya ce, "Malam, gaskiyarta ce. Tun ranar na sani, bakina ne ya yi nauyi."

Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Fatihu, ma'aikacin gona a Gashua, Mas'uda, ungozoma a Nguru, Nabila da Karima, ɗalibai. Ta bar jikoki uku. Ta kuma bar yayanta Alhaji Mudi Laminu, wanda ya tako da ƙafarsa ya roƙi a rubuta sunansa a cikin waɗanda ta bari. Allah ya haskaka makwancinta.