Tunkiyar da Na Rasa a Ɓangaren Dama

Kakata ba ta taɓa zama a aji ba, amma tana da ma'auninta na karatu, wato ƙofa. Firamaren garinmu, nan kusa da Taloka, dogon gini ɗaya ce mai ƙofofi a jere, kuma hanyar fadamar da Kaka ke noman albasa ta gabanta ta bi. Kowace safiya tana ganin ƙofar da kowane jika ya shiga. Wanda ya matsa gaba ya ci jarrabawa. Wanda bai matsa ba daƙiƙi ne, ko da hedimasta zai rantse.

Ta yi mini alkawarin 'yar tunkiya in na shiga aji biyar. Na kuwa ci, da ƙyar da addu'ar iyaye. Ana gab da komawa makaranta bayan hutu sai iskar ƙarshen damina ta yaye kwanon aji biyar, ta ajiye shi a gonar gero. Aka kwashe mu aka mayar ɗakin 'yan aji huɗu, ɗakin da na baro ke nan. Su dama, mu hagu, malami ɗaya, allo ɗaya an raba shi da alli.

Kaka ta ga na shiga ƙofar bara, ta ce tunkiya ta sha da ƙafarta. Na kawo shaidu, ta ce duk abokan shashancina ne.

Ban da wannan, haɗin ya yi mini daɗi. Karatun da ya gagare ni bara na sake jin sa kyauta, har yara suna ɗaukata shehi. In Malam ya juya wajensu, mu sai ya ce mu yi nazari, mu kuwa mu yi nazarin gyaɗa. Illar dai hayaniya ce. Muna Turanci suna rera lissafi, har yau in aka tambaye ni sunana da Turanci, bakwai sau takwas ke fara zo mini.

Babbar ribar kuwa ni na gano ta. In aka ba 'yan biyar lissafi, sai in sulale dama in duƙa cikin yara. In aikin ya koma kan 'yan aji huɗu, in dawo gida hagu. Malam, bawan Allah, kawuna sun yi masa yawa.

Ni da bakina na dami Kaka ta zo ta tambayi Malam. Ta ƙi, ta ƙi, sai ranar lissafi ta yi sallama da kwando a ka. Malam ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata bayani: hagu aji biyar, dama aji huɗu. Ta duba hagu a tsanake. Ta duba dama, ta same ni tsakanin yara biyu da kansu bai kai kafaɗata ba.

“Maigidan, mi kaka yi cikin jarirai?”

Na ce taimaka musu nake yi. Ta tambayi Malam wanga ƙato ajinsa nawa. Malam ya daɗe yana kallona.

“Inna, inda kika gan shi, nan yake.”

Ta yi godiya ta wuce fadama. Ranar na tafi gida da aikin aji huɗu da na biyar.

Tunkiyar aka ba ƙanwata, wadda ta matsa daga ƙofa ta biyu zuwa ta uku a gaban kowa. Yanzu har tunkiyar ta haihu. Ni ke yanko musu ciyawa.