Ranar da Na Karɓi Taɓaryata

Ni fa ba cire nonon ne ya fi ba ni haushi ba. Wannan ya wuce, alhamdu lillahi, likitoci sun ce an tari sankarar da wuri. Ƙarin ruwan maganin ma na sha wuyarsa, ga amai, ga gashi ya zube tas, kaina kamar ƙoƙo. Abin da ya ci mini rai shi ne yadda matan gidanmu a Yankara suka daina lissafa ni cikin masu rai.

In na ɗauki tsintsiya, a fizge. In na nufi rijiya, a tare ni. Har taɓaryata uwar mijina ta sa aka ɓoye. Kowa ya zo sai ya rage murya, ya langaɓar da kai, "Ya jiki?" Ni da duk bikin unguwa sai an aiko in ja lugude, dakan nan da ake cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe, turmi na amsawa!

Gaskiya hannuna na dama ya ƙage bayan aikin, ko kallabi ba na iya ɗaurawa. Wata malamar asibiti ta koya mini in tsaya gaban bango, in riƙa hawa da yatsuna sama a hankali, yau ta ɗara jiya. Rannan uwar mijina ta leƙo ɗaki ta gan ni ina lallaɓa bango, ta fita tana salati, wai maganin ya taɓa mini kai. Na yi dariya har wurin ɗinkin ya amsa.

Da na koma birni ganin likita, na tambaye shi batun daka. Ya ce in yi kaɗan-kaɗan, da na ji hannun ya yi nauyi in ajiye.

Ana nan kaka ta yi, aka yi haihuwa a gidan, aka jera turame tsakar gida za a daka geron furar suna. Ni kuwa aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa. Ina jin dakan nasu, wannan ta yi gabas waccan ta yi yamma, abin takaici. Na miƙe na nufi uwar mijina.

"Inna, ina taɓaryata?"

"Ke ɗiyar nan, mi za ki yi da ita? Zauna ki huta."

"Na huta, Inna. Hutun nan ne zai kashe ni, ba ciwon ba."

Ta dube ni, ta dube ni, sai ta shiga ɗakinta ta jawo ta daga ƙarƙashin gado.

Na tsaya kan turmi tare da matar wan mijina. Na saki ɗaya, ta amsa. Na ƙara, ta amsa. Jiki ya tuna abinsa. Na cilla taɓarya, ba can sama kamar da ba, amma na tafa na cafe. Kai, guɗar da ta tashi har maza sai da suka leƙo daga zaure! Tsohuwa tana hawaye tana rawa.

Ban daɗe ba hannu ya yi nauyi, na jingina taɓarya ina haki. Matar wan mijina ta damƙi garin, ta murza, ta watso mini harara.

"To gwana, sai cika baki! Dubi tsaki tsaf. In kin numfasa ki dawo ki ƙarasa, ba wadda za ta yi miki."

Wallahi tun da aka yi mini aikin nan, ban ji magana mai daɗin wannan faɗan ba.