Ranar da Na Nuna wa Kawu Arewa

Yau kwana shida ke nan, har yanzu ba na iya zama wuri guda. In na ɗauki tsintsiya sai in ajiye, in na zauna kan tabarma sai in ji kamar ƙasa tana karkata hagu. Inna ta sa an yi mini rubutu, na sha. Bai hana ba.

Da hutun damina yayana ya zo daga Yamai da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta. A cikinta akwai wasan tuƙin kumbo: kana dawowa daga sararin samaniya ba inji, sai ka sauke shi kan wani dogon titin jirgi a wata ƙasa mai nisa. In ka kuskure titin, ba komawa. Ni da na gama lise, wato sakandare, ba ni da abin yi, sai na maƙale wa wasan. A bakin titin an rubuta babbar lamba. Yayana ya ce in ƙara mata sifiri, ita ce digirin da zan fuskanta. Na yi haka, amma kullum sai titin ya zame gefe, in faɗa daji. Kwana uku ya bar ni ina huci, yana dariya yana ɓarar gyaɗa, kafin ya gaya mini cewa arewa biyu ce. Akwai ta taswira, wadda ba ta motsi, akwai ta allurar busol, na'urar nan mai nuna arewa, wadda ƙarfen cikin ƙasa ke ja. Lambar titi da ta allura aka auna ta, wasan kuwa da ta taswira yake aiki, sai mutum ya gyara bambancin da kansa. Ranar da na gyara, kumbona ya sauka tsakiyar titi sumul. Na fita tsakar gida ina ba kowa labari, har da Kawu da ya zo gaisuwa.

Kawu ƙanen Inna ne. Tun kafin a haife ni yake ƙetarawa da mutane tsakanin garinmu Gaya, da ke arewacin kogi, da Malanbil a kwalekwalensa mai inji. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce to, shi dai arewa ɗaya ya sani, inda gidansa yake. Daga ranar ya laƙaba mini direban sama. A tashar jirage sai ya riƙa nuna ni yana cewa ga ɗiyarsa mai sauke jirgi ba inji. Tsokana ce, amma na ga yana jin daɗin faɗa.

Ranar kasuwa muka ƙetara Malanbil ni da Inna sayen doya da manja. Za mu dawo bayan la'asar, hadari ya haɗo gabas. Kawu ya dubi sama ya ce za mu riga shi. Ban da mutane da buhuna, akwai moton wani ɗan kasuwa, wato babur, da aka ɗaure da igiya a tsakiyar jirgi, ni ina zaune gwiwata na gogar injinsa. Inna tana gabana. A Tanda ta girma cikin gonakin dawa, ba ta iya ruwa ba. In ta shiga jirgi carbi take ja har a sauka.

Ba mu kai tsakiya ba ruwa ya kece. Gaɓar Gaya ta ɓace, ta Malanbil ta ɓace, iska ta juya mu sau ɗaya ko biyu. Kawu ya rage inji, ya ɗaga fuska ya rufe ido. Ya ce hadari daga gabas yake, in ruwa na dukan kuncinsa na dama, gida muka nufa. Ya daidaita jirgi ya ƙara wuta.

Ni kuwa na ciro salula ƙarƙashin mayafi na buɗe busol. Allura ta nuna can hannun dama sosai. Har na tuna da bambancin arewa biyu, na tuna yayana ya ce a nan wajenmu ɗan kaɗan ne, na ji daɗin kaina da ban manta ba. Na ce wa Kawu ba nan ba ne. Ya ce ya san iskarsa. Na ce iska tana juyawa, allura ba ta juyawa. Mai moto ya sa baki ya ce a bi na'ura mana, yarinyar nan ta yi karatu. Wata mata a baya ta ce gaskiya ne.

Kawu ya dube ni, ruwa na zuba daga gemunsa.

"Kin tabbata, ɗiyata?"

"Na tabbata, Kawu."

Bai ce direban sama ba, ba wasa a muryarsa. Ya juya kan jirgi dama.

Ruwa ya koma dukanmu a goshi. Muka yi ta tafiya. Can Kawu ya ce ya kamata a ce mun kusa tudu, ya zura gora, ba ta taɓa ƙasa ba. Ya sake tambayata, na sake dubawa, allura tana nan daram. Ashe kogin muke bi a tsaye, muna gangarawa wajen Najeriya da ƙarfin inji da na ruwa a haɗe.

Ban ga itacen ba. Ƙara kawai na ji, jirgin ya hau wani kututture da ambaliya ta kawo, ya karkata hagu. Igiyar moto ta saki, ya zame daga jikina ya daki gefe. Salular tana hannuna, da idona na ga allurar ta juya a hankali ta koma inda Kawu ya nufa tun farko. Ni da na bi gida-gida ina cewa ƙarfe na jan allura, na zauna jikin ƙarfe ban tuna ba.

Da na ɗaga kai, Inna ba ta kan katakonta. Rabin jikinta yana cikin ruwa, ƙafafunta kawai nake gani. Na saki salula na kama ƙafa ɗaya, tana zamewa daga hannuna saboda santsi. Kawu ya tsallake buhuna ya cafki zaninta a ƙugu, muka jawo ta. Ta fito ba ɗankwali, ba carbi, tana tari tana amayar da ruwa. Har yau tafin hannuna yana jin sanyin ƙafar nan.

Maza suka kwashe ruwa da ƙwarya, Kawu ya tokare da gora ya sauke mu daga kututturen. Bai dube ni ba. Ya ɗaga fuska, ya sa ruwa a kuncinsa na dama. Muka fita cikin wasu fadamun shinkafa nesa da gari, amalanke ya kawo Inna gida.

Washegari a tasha aka tambaye shi, ya ce iska ce ta ruɗe shi. Abokan aikinsa sun samu abin yi. Wai tsohon kifi ya ɓata a kogi, wai a saya masa tabarau. Yana jinsu yana murmushi. Na gaya wa Inna zan je in faɗi gaskiya, ta ce in zauna, shi ya san abin da ya sa ya rufe. Tarinta ya ragu, jiya har ta yi daka. Ordinater tana ɗaki, ban sake buɗe ta ba.

Da hantsin yau Kawu ya zo. Inna ta ce masa gobe kasuwa, ita sai ta ƙetara, doyarta ta tafi a ruwa. Ya leƙo ƙofar ɗakina ya ce direban sama ta shirya, gobe kusa da shi zan zauna, nesa da moton kowa. Na ce ai injinsa ma ƙarfe ne.

"To ki bar salular a gida," in ji shi. "Ki zo da kuncinki."

Tun da ya tafi, sau huɗu ina fita ƙofar gida ina duban gabas.