Kowa da Ƙusarsa

Shekara ashirin da biyu na yi ina dafa shayi a wani lungu na Nuzla, a Jidda. Shagon ɗaki ɗaya ne da benci huɗu, takardarsa kuma da sunan kafilina take, wato ɗan ƙasar da ya tsaya min, domin baƙo irina ba ya mallakar shago. Kafilin dattijo ne haifaffen garin, kakansa da ƙafa ya zo hajji daga ƙasarmu bai koma ba. Bai taɓa sa min ido ba. Ya zo ya sha shayinsa, ya yi min gurguwar Hausarsa, ya tafi.

Ni na fito da al'adar ƙusa. Duk wanda ya zauna min Juma'a uku a jere, sai in saya masa kofi mai mariƙi, in kafa ƙusa a bango in rataye. Ba na tambayar kowa iƙama, takardar izinin zama. Masu wankin mota, teloli, 'yan dako, mutum ya shigo a gajiye ya miƙa hannu ya ɗauko nasa, ya san akwai wuri ɗaya a garin da aka san da zamansa. In aka kama mutum aka mayar da shi gida, ba na ba wani kofinsa. Kife shi nake yi a kan kanta, in bar ƙusar haka nan.

Akwai wani tela mutumin Maraɗi, mai shegen surutu, da aka kwashe shi da tef ɗin awo a wuya. Shekara shida kofinsa na kife, ina goge shi duk Alhamis. Ran da ya dawo da bizar umra ya gan shi, zama ya yi yana kuka kamar yaro. Ya rantse a gaban jama'a cewa inda nake nan yake har mutuwa.

Da dattijon ya rasu, kafalar ta koma hannun ɗansa. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. Ya zo wata Juma'a ya ga jama'a har waje, ya tsaya ya yi ta kallo. Bayan sati biyu ya ja ni gefe ya ce zai gyara wurin, ya kawo wasu su riƙe.

Na ce, "Ɗana, na san ka tun kana rarrafe. Mutanen nan ba shayi ke kawo su ba."

Ya ce, "Halas, ya ammi," wato magana ta ƙare, baffa. "Takarda tawa ce."

Ban roƙe shi ba, girman kai ya hana ni. Na tabbata in na fita babu wanda zai sake taka ƙofar, shi da kansa zai biyo ni har ɗakina a Mahjar. Ko kofunan ban kwashe ba, na ce su jira ni.

Wata guda na yi ina sauraron sallama, shiru. Sai wata Juma'a bayan la'asar na sa riga na bi ta lungun. An cire ƙusoshin, an shafe bangon da farin fenti, an rataye talabijin. Wurin cike yake maƙil, fuskokin nan dai da na sani, kowa riƙe da kofin takarda. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ban huce ba.

Telan ne ya fara hango ni. Ya taso da murnarsa ya ja ni ya zaunar, yana ta yabon na'urar sanyin da aka saka. Na tambaye shi ina kofinsa. Ya ɗan yi tunani, ya ce ya ji an zuba su a kwali an kai bayan shago, bai dai duba ba.

Sannan ya ɗaga hannu ya kira sabon mai shayin. "A kawo wa baƙonmu ɗaya, mai madara."

Ba na shan madara. Ni da na san cokalin sukari nawa kowannensu ke so. Na karɓi kofin takardar, na riƙe shi har ya huce.