Rigar Zuwa Wata ta Baba Noti

Baba Noti ya tsufa yana gyaran fanka da dutsen guga, kuma a duniya ba shi da abokin gaba sai gam. A wajensa duk abin da aka liƙa da gam ƙarya ne, ko yaro zai gane. Komai sai ya ɗaure shi da noti, shi ya sa unguwa ta laƙaba masa wannan suna.

Da masu shirya fim suka zo neman rigar wanda zai tafi duniyar wata, har rawa ya taka. Ya yi hular rigar da ƙofar tsohon injin wanki, ya jera notina na gaske tun daga wuya har cibiya. Matarsa tela ce, ita ta ɗinka yadin.

"Maigida, to ta ina zai fita?" ta tambaye shi.

"Wanda ya je wata ina ruwansa da fita? Ai akwai sifana."

Ta ci gaba da taka kekenta.

Ranar ɗaukar fim Baba Noti ya ɗaure jarumin, wani da ake kira Dogo, tamau cikin rigar. Ta yi kyau, ba ƙarya. Darakta ya yi ta zagaya ta yana jinjina kai, Baba Noti kuwa baki har kunne. Sai dai zafi ya sa Dogo ya ɗirki ruwa tun safe. Ana cikin aiki ya fara tsalle-tsallen da ba shi a labarin.

"Baba, a fito da ni! Fitsari!"

Baba Noti ya sa sifana. Notin wuya ya cije, na ƙirji ya yi gardama, gumi ya karyo masa.

"A kawo almakashi a farke ta kawai," in ji darakta.

Tsohon bai taɓa yin abin da yake so kamar rigar nan ba, ga shi ba a ma gama ɗaukarta ba.

Matarsa, wadda ta biyo su da zare da allura ko wani wuri zai ɓalle, ta taso ba gaggawa. Ta sa hannu ƙarƙashin akwatin iskar da ke bayan Dogo, ta ja wani zif zuuu. Rigar ta buɗe, Dogo ya zare kansa ya zuba a guje.

Baba Noti ya so ya yi fushi, amma da ya mayar da zif ɗin ya duba, shi kansa ya kasa ganinsa. Daɗi ya kama shi, da kunya kaɗan.

Har yanzu yana yi wa 'yan fim kaya, kuma har yanzu ba ya shiri da gam. Amma kafin ya ɗaura notin farko, yakan miƙa mata yadin ya juya baya.

"Sa abinki," yake cewa. "Kada dai ki nuna min inda yake."