Idon Gwaggo Rahab

A Ƙarfi in ka ce Gwaggo Rahab, za a ce maka, "Mai bargo?" Ita ce. Tsofaffin zannuwan da mata suka gaji da su take tarawa, ta shimfiɗa su bisa juna, ta bi su da allura da zare mai launi har su zama bargo mai zanen zabbi da zangarniyar dawa. A zumuntar matan coci ta koya tun tana budurwa. Abokan koyonta duk sun riga mu gidan gaskiya, 'yan baya kuwa bargon kanti ya ishe su. Simisola, wata 'yar kasuwa a Funtua, ita ke saye tana kaiwa birni, kullum tana roƙon Gwaggo ta koya wa wata. Gwaggo sai ta ce ba gobe za ta mutu ba.

Ni maƙwabciyarta ce, a gabana abin ya faru. Wata rana da hantsi ta miƙe daga ɗinki, sai bargon ya biyo ta. Ashe ta haɗa shi da zanin jikinta ta ɗinke, ba ta gani ba. Na buɗe baki zan yi dariya, na dubi fuskarta, dariyar ta koma ciki. 

A asibitin Malumfashi likita ya ce yanar ido ce ta rufe mata gani, aiki kaɗan ne, amma kada a jinkirta. Gwaggo ta ji kamar an ce yanka. Mijinta Jonah, wani mai maganin kasuwa ne ya soka masa tsinke a ido wai zai cire masa yanar ido, har ya bar duniya bai ƙara ganin rana ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ta ce ba za ta je ba sai Phoebe, 'yar ƙaninta, ta iya ɗinkin. "In na fito makauniya, kada abin nan ya bi ni kabari."

Phoebe ta zauna koyo. Da yake Gwaggo ba ta gani, sai ta juya bargon ta shafa bayansa da yatsu, don a baya ake gane gwani: ba ƙulli, ba zare mai lilo. Ta shafa, ta ce, "Warware." Damina ta wuce, aka yi girbi, kullum warware. Idon kuwa yana ta ƙara fari, har ta fara lalube kafin ta sami ƙofar ɗakinta. Tsoro ya kama ni sosai, haushi kuma ya cika ni, don na ga ɗinkin yarinyar, ko ƙuda ba zai yi tuntuɓe a kai ba.

Ran nan ta shafa, ta daɗe tana shafawa, ta ce, "Warware."

Phoebe ta ajiye allura. "Gwaggo, ba zan warware ba. Kin san daidai ne."

Tsohuwar ta sake shafa bargon da ke kan cinyarta. Can ta ce a hankali, "Tun kaka ya yi daidai, 'yar nan. Tsoro nake ji."

"Na sani, Gwaggo."

"To, kira mai babur. Amma ki riƙe mini hannu har su gama."